Igiya Biyu a Hannun Ilu

Shekara biyu na yi ni kaɗai ne tsohon soja a ƙauyenmu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin shekarun nan. Ƙauyen namu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, dab da turakun da Turawa suka kafa suka ce nan ƙasar Ingilishi ta ƙare, ta Faransa ta fara. Da aka gama yaƙin Jamus na dawo gida da igiya biyu a hannun rigata, watau kofur, da tabo a ƙauri, da ɗan Turancin da bai wuce na tsawa ba. Sunana na yanka Badaru, amma tun daga ranar da na sauka ba wanda ya sake kirana da shi. Har limaminmu Kofur yake ce mini.

Ana nan sai takarda ta zo daga Gumel cewa a sa mutum shida su riƙa gadin hanyar iyaka saboda ɓarayin raƙuma, kuma tsohon sojan da ya fi muƙami a garin shi zai shugabance su. Mai gari Ɗantsoho bai ko nemi shawara ba, tunda ba wani sojan. Aka ba ni usur da ɗamara, aka shimfiɗa mini buzu a damansa cikin zaure, in Bature ya zo rangadi kuma ni ke tsayawa a ƙofar masaukinsa. Gonata ba ta fi ta kowa ba, awakina huɗu ne, gidana na kara ne. Wannan matsayin shi ne duk abin da na fi mutane da shi, kuma na san haka sarai.

Sai Ilu ya dawo.

Ilu taubashina ne, ɗan Goggo Rakiyya ƙanwar mahaifina, na girme shi da shekara uku. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna ƙanana nake tsokanarsa da bawana, shi kuma yana ce mini ubangida. Yana saurayi ya bi ayarin wani madugu mai kai fatu da gashin jimina Tarabulus. Shekara goma sha huɗu ba shi ba labarinsa, har Goggo ta daina ambatonsa sai a addu'a. Rannan da kaka sai ga shi ya iso bayan la'asar, ya rame, ya yi gemu, da ɗan akwatin katako a ka. Na rungume shi na yi kuka, wannan ma gaskiya ce. Kwana uku ina murna da zuciya ɗaya. A rana ta huɗu ya buɗe akwatin a zauren mai gari.

Rigar soja ce a ciki, da jar hula, da wani baƙin ƙyalle da ake ɗaurawa a damtse. A jikin ƙyallen akwai igiya biyu jajaye, manya, kowace ta ninka tawa faɗi. Ya ce madugunsu ya rasu a Tarabulus, ayari ya watse, ya zauna dako a bakin teku, sai Turawan Italiya, waɗanda yake kira Taliyan, suka zo suka ci garin. Yunwa ta sa ya shiga sojansu, ya yi shekara takwas, ya fito da muƙamin bulukbashi. Mutane suka yi ta juya kalmar a baki suna dariya. Ɗantsoho kuwa bai yi dariya ba, don ya tuna da takardar Gumel. Ya tambaye shi wannan muƙamin a lissafin Ingilishi me ke nan.

Ilu ya dubi hannun rigata, ya dubi ƙyallensa.

"Ranka ya daɗe, ai ga shi nan a fili," in ji shi. "Biyu gare shi, biyu gare ni. Kuma ya girme ni. Ni noma na zo yi."

Kowa ya ce madalla, magana ta ƙare. Ni kaɗai ban ce ba. Mai hankali da ya gode Allah ya riƙe usur ɗinsa, amma ni wannan "biyu gare ni" ta hana ni sakat. Na sha ruwan sama a Kamaru, na sha zazzaɓi a gabashin Afirka, harsashi ya tsaga mini ƙauri, sannan a ce bawana da ya tafi dakon fatu ya dawo kai ɗaya da ni? Ban so mu zama daidai ba. So nake a ce yana ƙasa, ko da taki ɗaya ne.

Abin bai tsaya nan ba. Ilu ya zo da ƙaramar buta da ƙananan kofuna na ƙarau, yana dafa shayi irin na Larabawa, mai kumfa, a gindin tsamiyar ƙofar Goggo. Da farko mutum biyu ne ke zama. Kafin a gama shigar da gero rumbu, duk masu zuwa hira wurina bayan azahar sun koma can, har da biyu daga cikin masu gadina. Labarina sun ji shi sau ɗari, na yarda, amma ai nasa ma labari ne kawai. Sai dai shi ya iya. Ba ya ɗaga murya, ba ya cewa ya kashe kowa, kullum shi ne wawan cikin labarin, mutane kuwa su yi ta kwasar dariya. Ni ma sai na riƙa zuwa, wai don in kama shi da ƙarya. Shayin yana da daɗi, hakan ma ya ƙara ɓata mini rai.

Ya koya musu muƙaman Taliyan kaf. Na baƙaƙe: askari, muntaz, bulukbashi, shumbashi. Na farare: tenente, kafitano, majore, kolonello. Manoman da ba su taɓa tambayata bambancin laftana da kyaftin ba, sai ga su suna jera waɗannan a kan hanyar gona. Har gidana abin ya biyo ni. Wata rana matata Safara'u tana miƙo mini fura ta ce ashe wai ruwan teku ba ya shayuwa, Ilu ya gaya wa Goggo. Shekara biyu ina gaya mata haka. Na ajiye ƙwaryar ban sha ba, ita kuwa ta ɗauka kai ne ke mini ciwo.

Ranar da na ga na samu abin da nake nema, labarin jirgi yake bayarwa. Ya ce lokacin babban yaƙi an kwashe rundunarsu a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da ake kira Sikiliya. Kafin su tashi, shugaban wani jirgin yaƙi da zai raka su ya hau jirginsu duba su. Shi ma kafitano ake ce masa. Amma kafitanonsu na tudu, wanda in ya yi tari sai kowa ya ƙame, shi ne ya fara ƙamewa ya sara masa. Ba shi kaɗai ba, har majore ya sara. Ilu ya ce daga baya ya gane lissafin teku daban yake da na tudu, kafitanon babban jirgin yaƙi daidai yake da kolonello.

Na ajiye kofin na ce wannan kam ƙarya ce. Kyaftin kyaftin ne, ko a kan ruwa ko a kan raƙumi, kuma manjo ba ya sara wa kyaftin a ko'ina cikin duniya. Na ce ni ma na shiga jirgin ruwa daga Ikko, kada a yi mana burga. Abin da ban faɗa ba shi ne duk tafiyar a kwance na yi ta can ƙasan jirgin ina amai, ban ga ko fuskar mai tuƙi ba. Ilu ya yi murmushi ya ce ubangidansa ya fi shi sani, ya sake zuba mini shayi. Mutane suka yi dariya, kuma na san ba wasan suke wa dariya ba, ni suke yi wa.

Ranar kasuwar Maigatari na kai akuya, na ci karo da wani Hussaini, mutumin Damagaram, tsohon sojan Faransa da muka saba gaisawa. Na ja shi gefe na tambaye shi ko ya san bulukbashi. Ya ce bai taɓa ji ba, amma in dai igiya nake ƙirgawa to in bi a hankali, don kowace ƙasa da irin ƙirgarta. A wurinsu kafaran, watau kofur ɗinsu, igiya biyu ce ja, sarjan kuwa da ya fi shi guda ɗaya tak yake sawa, mai ruwan zinariya. Yau da na tsufa na san gargaɗi ne Allah ya aiko mini ta bakinsa. A lokacin kuwa abin da na ji daban ne. Na ce ashe biyu ba lallai biyu ba ce, ke nan mai yiwuwa biyun Ilu ba ta kai ko ɗayata ba. Wa ya sani ko igiyar mai dafa wa hafsoshi shayi ce? Na dawo gida ina sauri, na ma manta da gishirin da Safara'u ta ce in sayo.

Bayan sati uku aka aiko cewa Bature zai kwana a garinmu a kan hanyarsa daga Gagarawa zuwa iyaka. Wani dogo ne da muke kira Mai Lofe, tsohon hafsa, yana son tsofaffin sojoji, kuma in ya ga dama yakan tsaya ya saurare su. Na fara faɗa a gari cewa ranar zan sa a warware mana maganar jirgi da maganar igiya a gaban kowa.

Ana gobe zai iso, da hantsi, Ilu ya same ni a bakin rijiya ina shayar da awaki. Ya karɓi gugan ya ja mini sau biyu kafin ya yi magana. Babu wasa a muryarsa, kuma bai ce mini ubangida ba.

"Yaya Badaru, don Allah gobe kada ka ta da maganar igiya a gaban Bature. In kana so, yau ɗin nan in faɗa a gindin tsamiya cewa labarin jirgi ƙarya na yi."

Na dube shi, na ga idonsa ya kaɗa. Wallahi daɗin da na ji a wannan lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da aka ɗinka mini igiya ta biyu. Na ce a raina tsoro ne, asiri zai tonu. Na ce masa mai gaskiya ba ya gudun tambaya, ya je ya goge jar hularsa. Sai ya ajiye gugan ya tafi.

Washegari Mai Lofe ya iso da azahar, shi da tafintansa da masu kaya. Bayan la'asar aka kafa masa kujera a ƙofar masauki, mai gari da dattawa suka zauna a ƙasa, jama'a suka yi da'ira. Na jera mutanena shida, ya duba su, ya ce da kyau. Da ya tambaya ko akwai mai magana, na yi taki ɗaya gaba na ƙame. Na ce akwai wani a garin nan da ya ce ya yi soja a wurin Italiya, yana ruɗa talakawa da labarai, ina roƙo a bincika. Na fara da na jirgi, don shi na fi tabbata da shi.

Tafinta ya juya. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa ya yi dariya, ya ce ai wannan gaskiya ce, kuma ba Italiya kaɗai ba, su ma Ingilishi haka ne. Kyaftin na jirgin yaƙi daidai yake da kanar na tudu, manjo dole ya sara masa. Ya ce duk wanda ya lura da wannan ba ƙaramin ido gare shi ba, a kira shi ya gani.

A nan ya kamata in yi shiru. Na ji ana gunaguni a bayana, sai na ƙara da cewa to a duba muƙaminsa, don yana cewa kai ɗaya muke.

Aka nemo Ilu can bayan taro, sanye da tsohuwar rigar noma, bai zo da komai ba. Mai Lofe ya sa aka je gida aka ɗauko ƙyallen. Ya juya shi a hannu, ya ce ya san irinsa, ya yi aiki a iyakar ƙasar Somaliya inda sojojin Italiya suke a tsallaken iyakar, har sun sha cin abinci da hafsoshinsu. Ya tambayi Ilu muƙaminsa. Ilu ya faɗa a hankali, kansa a ƙasa. Bature ya yi masa wata magana da harshen Taliyan, guntuwa, sai na ga jikin Ilu ya miƙe da kansa, ya amsa. Daga nan Mai Lofe ya juya ga tafinta ya yi bayani mai ɗan tsawo, yana nuna ƙyallen, yana nuna hannuna.

Tafintan nan Bakano ne mai son a ji muryarsa. Ya gyara tsayuwa ya faɗa yadda har matan da ke leƙe ta bayan danga za su ji.

"Bature ya ce a sojan Italiya na baƙaƙe, mai igiya ɗaya shi ne muntaz, shi ne daidai da kofur. Mai igiya biyu bulukbashi, shi ne saje. Saboda haka wannan mutum saje ne. Kofur yana ƙarƙashinsa."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Mai Lofe ya tambayi Ɗantsoho me takardar Gumel ta ce, Ɗantsoho ya faɗa yana kallon tabarma. Ilu ya durƙusa ya ce shi manomi ne, ba ya so, yayansa ya riƙe aikin shekara biyu ba a sace ko raƙumi ɗaya ba. Bature ya ce ya ji, kuma kofur zai ci gaba a matsayin mataimaki, amma takarda takarda ce. Da ya ji Ilu na jin Larabci ma sai ya ƙara murna, ya ce zai yi amfani wajen masu ayari. Ya miƙo hannu. Na cire usur daga wuyana na ba shi, ya ba Ilu. Igiyar usur ɗin ta sarƙe a kunnena wajen cirewa, sai da na sa hannu biyu.

Kafin magariba Ilu ya zo gidana. Safara'u ta shimfiɗa masa tabarma ta shige ɗaki. Na tambaye shi abu ɗaya, tun yaushe ya sani. Ya ce tun ranar da ya buɗe akwati. A bakin tekun Tarabulus ya sha ganin sojojin Ingilishi, ya san igiyarsu, ya san biyuna daidai take da ɗayar Taliyan. Da mai gari ya tambaye shi, ya duba ya ga abin da aikin yake a wurina, sai ya ƙirga igiya kamar yadda kowa zai ƙirga.

Wata biyar ke nan yana zuba mini shayi, ina ƙaryata shi a gaban mutane, yana riƙe da maganar da za ta kwantar da ni da kalma ɗaya. Ya kamata in ji kunya, kuma na ji. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, abin da ya fi kunyar ƙarfi a zuciyata hassada ce. Da ni ne a matsayinsa da ban kai kwana ɗaya ina riƙe da ita ba. Na ga ko a haƙuri ya fi ni, kuma wannan ba Baturen da zai zo ya ce a duba. Na ce masa ya tashi ya tafi, sallah ta yi.

Da safe bayan Bature ya wuce, muka taru a filin bayan masallaci. Na shiga layi a farkon mutum shida ɗin da na horar da hannuna. Ilu ya fito da ƙyallensa a damtse, yana tafiya kamar wanda aka aika kai saƙon rasuwa. Ya tsaya a gabanmu ya ba da umarni da harshen Taliyan. Ba wanda ya motsa. Ya sake, cikin masu gadin Cindo ya juya hagu, Rabe ya juya dama, sauran suka tsaya suna kallona. Umarnin Ingilishi kaɗai suka sani, shi kuwa bai iya ko ɗaya ba, kuma Bature ya ce na Ingilishi za a ci gaba da yi.

Ilu ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Kofur, sai dai kai ka riƙa kira."

Na fito daga layi na tsaya a gefe. Na buɗe baki na yi tsawar da duk garin ya san ni da ita, mutum shida suka ƙame kamar turaku. Na kira ta biyun, hannuwa shida suka tashi suka sara wa Ilu, nawa ya zama na bakwai. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da gadin nan, kuma kowace safiya da bakina ake sara masa.